Wace Kujera Ce Ta Cancanci Kuɗinka a Gidan Wasan Kwaikwayo?

Wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a Daura ya aiko mini da tambaya, sai na ga ya fi kyau in amsa masa a fili, tunda ba shi kaɗai ke da ita ba. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam, an tura ni kwas na mako biyu a Legas kuma zan tafi da iyali. Ina son in kai ta kallon wasan kwaikwayo na dandamali, wanda ba ta taɓa gani ba sai a talabijin. Na buɗe shafin sayar da tikiti na tarar da farashi hawa uku, mafi tsada ya ninka mafi araha sau uku. Wanne zan saya don kada kuɗina su tafi a banza? Kuma idan Allah ya kai ni Landan baɗi, kamar yadda ake sa rai, dabarar ɗaya ce?"

Ɗana, Allah ya kai ku lafiya. Na yi shekaru masu yawa ina shirya wasa da ɗalibai a nan Katsina, na zauna a kusan kowane lungu na zauren kallo ina duba abin da mai kallo zai gani, kuma na sayi tikiti da kuɗin aljihuna a Zariya da Legas da Landan, wani lokaci na dace, wani lokaci na yi da-na-sani. Abin da na koya shi ne kuɗin tikiti abu biyu kawai suke saya maka, wato ganin fuskar ɗan wasa da jin muryarsa ba tare da ka wahala ba. Duk abin da aka ɗora a kan waɗannan biyun, kamar kujera mai laushi, da lemo a kan tire, da ƙofar shiga ta daban, da suna mai daɗin faɗa a jikin tikiti, ƙari ne wanda ba ya canja ko kalma ɗaya a cikin wasan. Farashi kuwa sau da yawa wannan ƙarin yake bi, shi ya sa mai lura yakan sami kujerar ƙwarai a farashin tsakiya.

Sai ka fara da cire wata al'ada da muka tashi da ita daga ranka. A wurinmu, daga walima har ranar rabon kyaututtuka a makaranta, sahun gaba na manya ne: a ɗauko kushin daga ofishin shugaba, a shimfiɗa kafet, a jera ruwan gora a kan ɗan tebur. Wannan girmamawa ce kuma daidai ne, amma ta sa mun ɗauka gaba ita ce wurin da aka fi gani. Shekarun baya mun shirya wasa a zauren wata makaranta a cikin garin nan, dandamalinsa na siminti ne, tsayinsa ya kusa ƙirjin babban mutum. Aka zaunar da babban baƙo a kushin mai nutsewa, taku uku daga bakin dandamalin. Wasan kuwa labarin cikin gida ne, rabinsa a kan tabarma aka yi shi, uwa da 'ya'yanta suna zaune suna ɓarar gyaɗa suna taƙaddama a kan maganar aure. Da aka tashi, dattijon ya kira ni gefe ya ce, "Malam, na ji wasa mai daɗi, amma ban da ɗankwalinsu ban ga komai ba." Yaran da aka kora can sahu na goma su ne suka ga yadda hannun uwar ya tsaya cak a cikin ƙwarya lokacin da 'yarta ta faɗi sunan wanda take so, alhali a kan wannan tsayawar hannun muka yi mako biyu muna atisaye. Kai da ka saba kallon hawan salla a filin Kangiwa ka san wannan ba sai an gaya maka ba: wanda ya matsa har bakin hanya ƙura da ƙirjin doki yake samu, wanda ya ɗan ja baya ya sami tudu shi ke ganin jerin mahaya da yadda jahi ke tahowa.

To ina iyakar ja da baya? Masu zana gidajen wasa suna da ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi: idon mutum yakan daina tsintar ƙananan motsin fuska, irin ɗaga gira da rawar leɓe, idan nisa ya wuce kamar mita 20. Bayan nan kana ganin motsin hannu da tafiya da sutura, amma fuska ta zama dunƙule. Idan kana son kwatanta wannan nisa, tuna filin ƙwallo: daga layin raga zuwa bakin yadi na 18 mita 16.5 ne, ka ƙara taku huɗu ko biyar. Tunda tazarar da ke tsakanin sahu da sahu ba ta cika kai mita ɗaya ba, kuma akwai ɗan fili tsakanin dandamali da sahun farko, 'yan wasa kuma ba a bakin dandamali suke tsayawa kullum ba, lissafin yakan tsaya ne a wajen sahu na 15 zuwa na 18. Daga gaba kuma, idan dandamalin mai tsayi ne, ka bar sahu uku ko huɗu na farko ga masu son ciwon wuya. Abin da ya rage a tsakani shi ne gonarka, kuma a cikinta za ka yi ciniki.

Akwai wani sirri na masu sana'ar da zai taimake ka. A kwanakin ƙarshe na atisaye, lokacin da ake daidaita fitilu da sauti, akan kafa wa darakta tebur a kan kujerun masu kallo, a tsakiyar zauren ƙasa, ba gaba sosai ba, ba baya sosai ba. Daga nan yake cewa wance ta matsa taku ɗaya hagu, a rage wannan fitila, wane ya ɗaga murya. Ma'ana, hoton da aka gina gaba ɗaya an gina shi ne don idon da ke zaune a wurin. Duk yadda ka kusanci wannan wuri, haka kake kusantar wasan da aka yi nufin a nuna maka. Masu gidan wasa sun san haka, don haka kujerun da ke daidai wurin su ne suka fi tsada a gidajen da ke sa wa kowace kujera lamba. Aikinka shi ne ka nemo maƙwabtansu da aka sa wa farashi na ƙasa.

Ga yadda ake yi. Taswirar kujeru a shafin sayarwa takan zo da launi daban-daban, kowane launi da farashinsa. Kada ka kalli tsakiyar launi, ka kalli kan iyaka inda launi biyu suka haɗu. Mu ɗauka sahu na 10 ja ne a kan naira dubu 30, sahu na 11 kuma shuɗi ne a kan dubu 18. Tsakanin mutanen biyu bai kai mita ɗaya ba, abin da suke gani da abin da suke ji ɗaya ne, amma ku biyu kun tsira da dubu 24, kuɗin abincin dare da motar komawa masauki. Haka ma a gefe: idan ja ya ƙare a kujera ta 8, ta 7 da ta 6 su ne abin nema. Waɗannan kujerun kan iyaka su ake fara kwashewa, domin duk wanda ya saba da harkar can yake dosa, don haka da sanyin safiya ake kama fara.

Maganar gefe tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne sababbin masu saye suka fi faɗawa rami. Dandamalin da aka fi sabawa da shi kamar ɗaki ne da aka cire masa bango ɗaya, masu kallo suna leƙawa ta wannan ɓangaren. Wanda ya zauna a can ƙarshen hagu na sahun gaba zai rasa kusurwar ciki ta hagu baki ɗaya, a maimakonta kuma sai ya riƙa hango bayan fage ta dama, inda 'yan wasa ke tsaye suna jiran shiga, wani yana shan ruwa, wani yana gyara rawani. Da zarar ka ga haka, sihirin wasan ya karye. Matsalar tana raguwa yayin da ake ja da baya, domin nisa yana miƙar da kusurwa. Saboda haka idan aka ba ka zaɓi tsakanin ƙarshen sahu na 3 da tsakiyar sahu na 14 a farashi ɗaya, ɗauki na 14 ba tare da ka yi dogon tunani ba. Ni nakan raba faɗin zaure gida uku a raina, in yi ƙoƙarin kada in fita daga kason tsakiya, in kuwa dole ta sa, to sai daga sahu na 8 zuwa baya.

Yanzu mu zo Legas, inda za ka fara. Tambayar farko ita ce girman zauren. Babban zauren gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka kammala a 1976 don FESTAC, bikin al'adu da fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a 1977, an gina shi ne don mutum kusan 5,000, kuma a irin wannan wuri tikitin baya yana nufin kallon mutane kamar tururuwa. Amma mafi yawan wasannin kwaikwayo na Legas a ƙananan zaure ake yin su, irin na Terra Kulture a Victoria Island mai ɗaukar mutum kamar 400, ko zaurukan cibiyar MUSON a Onikan. A zauren da bai wuce mutum 400 ba, kusan kowa yana cikin mita 20 ɗin nan da na faɗa, don haka tikiti mafi tsada ba ya ƙara maka wani gani na kirki. Abin da yake ƙara maka shi ne zama kusa da manya.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, kuma shafin ba lallai ya amsa maka ita ba: shin tikitin yana ɗauke da lambar kujera, ko kuwa aji kawai yake nunawa? A wasanni da yawa a ƙasar nan ana sayar da aji ne, na gama-gari da na manyan baƙi da wani lokaci na manyan manya, sai a ja igiya a tsakani, kowa ya zauna inda ya samu a cikin ajinsa. Idan haka ne, zaɓin kujera ya tashi daga hannun kuɗi ya koma hannun agogo. Mai tikitin gama-gari da ya isa da wuri ya zauna a tsakiyar sahun farko na bayan igiya ya fi mai tikitin manya da ya zo a makare aka cusa shi a gefen lasifika. Cunkoson motocin Legas kuwa ba irin na hanyar Daura zuwa Katsina ba ne, tafiyar da taswirar waya ta ce minti 20 ce tana iya cin awa ɗaya da rabi da yamma, don haka ku fita da niyyar isa awa guda kafin a buɗe ƙofa. Idan ka ga ana tallan tebur na mutum takwas ko goma, wuce shi. Tebur zagayayye ne, rabin kujerunsa sun ba dandamali baya, kuma masu zama a kansa hira ta kawo su.

Sai ka binciki ƙasan zauren. Gidan wasa na ainihi akan gina shi da gangare ko matakala, kowane sahu ya ɗara na gabansa tsayi. Amma sau da yawa zauren biki ko na otal ake haya, ƙasa a shimfiɗe, a jera kujeru ɗaya bayan ɗaya. A nan ƙa'idar da na ba ka ta ja da baya tana raguwa da rabi, domin daga sahu na 7 ko na 8 ƙeyar mutane za ka kalla. Kada ka raina wannan a Legas, garin da mata ke zuwa kallo da gwaggwaro mai faɗin faifai. Guda ɗaya a gabanka ya isa ya rufe maka sulusin dandamali har a tashi. Mu ma da dogayen hulunanmu ba mu da bakin magana. Maganin wannan shi ne kujerar bakin hanyar tsakiya, idan zauren yana da ita, domin daga nan idonka yana bin hanyar ne kai tsaye zuwa dandamali babu kan kowa a tsakani, ga kuma wurin miƙe ƙafa. A irin wannan zaure mai shimfiɗaɗɗen ƙasa nakan yarda cewa ƙarin kuɗi don matsawa gaba yana da amfani. Ka kuma dubi inda aka kafa manyan lasifikoki ka nisance su, ka nisanci ƙofar shiga inda masu makara za su yi ta gilmawa da hasken waya, kuma idan ka ga bakin na'urar sanyaya ɗaki a saman kujera, matsa, don awa biyu a ƙarƙashinsa mura ce.

Landan kuma duniya ce daban, ko da yake ma'aunin ido da kunne bai canja ba. A can kowace kujera da lambarta da farashinta, kuma yawancin gidajen wasa na unguwar West End tsofaffin gine-gine ne na ƙarni na 19 da farkon na 20, waɗanda aka gina a lokacin da ake raba mutane bisa matsayi, har masu tikitin sama ma ƙofarsu da matakalarsu daban suke a gefen gini. Za ka ga zauren ƙasa, sannan bene na farko, bene na biyu, a wasu gidajen har da na uku can kusa da rufi. Sahun gaba na benen farko, a tsakiya, yana cikin wuraren da suka fi kyau a gidan duka kuma farashinsa yana nuna haka. Inda ake samun dacewa shi ne sahu na 3 zuwa na 5 na wannan benen, ko sahu na 2 da na 3 a tsakiyar bene na biyu. Na ce na 2 da na 3 ne da gangan, domin sahun farko na benayen sama yakan kasance da ƙarfen kariya a gabansa wanda ke ratsa daidai idon gajeren mutum, kuma bangon gabansa ba ya barin wurin gwiwa.

Babban abin da taswira ba ta nunawa a waɗannan gidaje shi ne rumfar bene. Benen farko yana fitowa ne ya rufe saman sahun baya na zauren ƙasa, kamar yadda rumfar shago ke rufe baranda. Wanda ya zauna can ciki a ƙarƙashinta yana kallon dandamali ne kamar ta tagar mota: ƙasan yana gani, saman ya yanke. Idan wasan yana da bene a cikin kayan fagensa, ko ana nuna rubutu a sama, ya rasa su. Muryar ma takan iso a dushe, domin a wasan da ba a amfani da makirfo, rufin zauren ne ke taimakawa wajen maido da sauti ga masu kallo, rumfar kuwa ta tare shi. Don haka kafin ka sayi kujerar baya a ƙasa, tambayi daga wane sahu rumfar ta fara rufewa, kuma kada ka shiga cikinta fiye da sahu uku ko huɗu. A tsofaffin gidaje ƙwarai akwai ma ginshiƙai da ke riƙe da benen, kuma akwai kujerun da ke bayansu daidai.

Irin waɗannan kujeru akan rubuta a jikinsu cewa ganin dandamali daga nan ragagge ne, a kuma rage musu kuɗi. Wannan gargaɗi ba ma'ana ɗaya yake da ita ba ko'ina. Wani lokaci siririn ƙarfe ne wanda za ka manta da shi bayan minti biyar, kuma irin wannan garaɓasa ce ta gaske. Wani lokaci kuma asara ce tsantsa. Ni kaina na taɓa ruɗuwa da araha a wani gida a Landan, na sayi kujerar gefe a bene na biyu, inda benen ya lanƙwasa kamar kofaton doki ya nufi bangon dandamali. Da aka ɗaga labule na tarar sai na jingina ƙirjina a kan ƙarfe kafin in ga tsakiyar fage, mutumin da ke bayana kuma ya taɓa kafaɗata cikin ladabi ya ce ina tare masa. Gadon da dattijon cikin wasan ya yi jinya a kansa har ya cika yana daidai kusurwar da ba na gani, don haka mutuwar da mutane suka yi ta sharar hawaye a kanta ni da kunne na halarce ta. Araha ba ta ado. Tun daga ranar ba na sayen irin wannan kujera sai na ga hoton da wani ya ɗauka daga kanta, kuma akwai shafuka irin su SeatPlan da masu kallo ke ɗora waɗannan hotuna, ko kuma na tambayi mai sayarwa abin da ke tarewa da kuma ɓangaren da yake tarewa. 'Yan rumfunan alfarma da ke manne a bangon gefe kusa da dandamali su ma ka bar su, domin an gina su ne don a ga mai zama, shi kuwa kallon gefe yake yi.

Benen ƙarshe na can sama shi ne mafi araha. Gangarensa yana da tsanani, matakalarsa da yawa, sau da yawa babu na'urar hawa, zafi kuma can yake taruwa, 'yan wasa kuwa tsakiyar kansu za ka riƙa gani. Ga saurayi mai ƙarfin gwiwa da ke son ya ga wasa biyar da kuɗin ɗaya, babu laifi. Ga mai tsoron tsayi ko mai tafiya da dattijo, a'a. Ka kuma lura da haruffan sahu: wasu gidajen suna da sahu mai harafi biyu a gaban sahun A, wasu sun cire sahun farko saboda an faɗaɗa dandamali, wasu kuma suna tsallake harafin I, don haka ƙirga sahun da idonka a taswira, kada ka dogara da harafi.

Irin wasan ma yana sauya hukunci. Wasan rawa da waƙa mai jama'a da yawa ya fi kyau daga ɗan sama, inda za ka ga tsarin da masu rawa ke zanawa a ƙasa, kuma tunda da makirfo ake yin sa, nisa ba ya cutar da ji. Wasan magana na mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya kuwa fuska ce jarinsa, sai a matso. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: wanda ke sauraron harshen da ba da shi ya tashi ba yana jingina da kallon baki fiye da yadda yake zato. Turancin ɗan wasan Landan mai sauri, ko na Legas da ake surkawa da Yarabanci da Burokin, ya fi saukin kamawa idan kana ganin leɓen mai magana. Saboda haka a wasan magana ka rage mita 20 ɗin nan zuwa kamar 15, ko da zai ɗan ƙara maka kuɗi. Wannan ƙari ne da nake ganin ya halatta.

Ba kowane dandamali ne mai fuska ɗaya ba. Idan ka taɓa shiga gidan wasa na laka da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda aka gina a tsakiyar shekarun 1970 da siffar gidan Bahaushe, zagayayyun ɗakuna sun kewaye fili, ka san yadda kallo yake idan masu kallo sun zagaye 'yan wasa kamar a filin dambe. A irin wannan tsari, ko wanda dandamali ya kutso cikin jama'a ta ɓangare uku, darakta dole ya riƙa juya 'yan wasansa don kowa ya samu, saboda haka kujerar gefe ba ta da aibi, kuma idan an rage mata kuɗi, ita ce abin saye. A gidan Globe da ke bakin kogin Tems a Landan, wanda aka buɗe a 1997 bisa siffar gidan wasan zamanin Shakespeare, mutum kamar 700 ne ke kallo a tsaye a filin da ke gaban dandamali, kuma an yi shekaru da yawa ana sayar da wannan tikiti fam 5. Su ne suka fi kowa kusa da 'yan wasa. Sai dai tsayuwar ta kusa awa uku ce, babu rufi a kansu, ba a yarda da lema ba, kuma ruwan sama ba ya tsayar da wasa.

Ranar da ka zaɓa tana iya sauke farashin kujera ɗaya tak ba tare da ka motsa daga kanta ba. A Landan daren Juma'a da Asabar sun fi tsada, tsakiyar mako ya fi sauƙi, haka ma kwanakin gwaji da ake yi kafin buɗewar wasa a hukumance. Akwai rumfar sayar da tikiti a dandalin Lesta, wadda aka daɗe da saninta da suna TKTS, wadda tun 1980 take sayar da tikiti da rangwame, galibi na ranar, kuma gidaje da dama suna sakin wasu kujeru masu araha da safiyar ranar wasa. Gidaje da yawa yanzu suna ɗaga farashi idan suka ga ana rububi, don haka wasan da ya yi suna gara a saya da wuri, wanda bai cika ba kuwa jira yakan biya. A Legas watan Disamba ne lokacin cika, kuma wasu masu shiryawa sukan yi rangwame ga masu sayen farko. Ko'ina kake, saya daga shafin gidan wasan ko na masu shirya shi, ka duba jimillar ƙarshe bayan an ɗora kuɗin hidima kafin ka sa katinka, ka guji 'yan bumburutun tikiti na bakin ƙofa da masu cewa ka yi musu taransifa zuwa asusun kansu. Ka sani kuma tikitin wasa ba a cika mayar da kuɗinsa ba, don haka tabbatar da jadawalin kwas ɗinka tukuna.

Lokacin salla ma yana shiga lissafin kujera. Wasan da zai fara da yamma yana iya haɗawa da magariba, gidajen wasa da yawa kuma ba sa barin wanda ya fita ya koma sai an zo hutun tsakiya, wanda yakan kasance minti 15 zuwa 20, wasu wasannin ma babu hutun sam. Duba tsawon wasan da lokacin farawa, ka zaɓi na rana idan ya fi dacewa, kuma idan za ka buƙaci fita a hutu, kujerar bakin hanya za ta raba ka da tsallake gwiwoyin mutum goma da babbar riga.

Game da tikiti hawa ukun da ke gabanka yanzu, kira lambar masu shiryawa ka yi musu tambaya uku: mutum nawa zauren ke ɗauka, ƙasansa mai matakala ne ko shimfiɗaɗɗe, kuma kujerun suna da lamba ko babu. Idan ƙaramin zaure ne mai matakala, sayi mafi araha, ku isa da wuri ku zauna a tsakiya. Idan ƙasan shimfiɗaɗɗe ne, ko zauren ya haura mutum 1,000, sayi na tsakiya ka nemi sahun farko na ajin, kusa da hanya. Mafi tsadan ka bar wa wanda kamfaninsa ke biya masa. Iyali kuma ka zaunar da ita a kujerar da ta fi kusa da hanya don kada wani dogo ya tare ta, ka ce ta riƙo mayafi mai kauri saboda sanyin zauren.